Fomula 4 ta Italiya a 2023: Wa Ya Ci, Ina Ɗan Oluchi Ya Tsaya?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato gasar tseren motoci ta matasa da ake yi a Italiya. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga ana yawo da hoton wani dogon yaro a Facebook mai suna Ugo Ugochukwu, ana cewa ɗan Najeriya ne kuma shi ya ci gasar tseren motoci ta Italiya a 2023. Abokina ya ce ƙarya ce. Raba mana gardama. (Wani matashi daga Fagge, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kowannenku ya riƙo wani ɓangare na gaskiya. An haifi Ugo a birnin New York a watan Afrilun 2007. Mahaifiyarsa ita ce Oluchi Onweagba, 'yar Najeriyar nan mai tallan tufafi da ta ci gasar Face of Africa a 1998, mahaifinsa kuma Luca Orlandi ɗan Italiya ne. Da tutar Amurka yake tsere. Jinin Najeriya yana jikinsa, wannan babu musu, amma ranar da ya yi nasara taken Amurka ake buga masa.

Gasar Fomula 4 ta Italiya ta 2023 kuwa ba shi ya ci ba, na biyu ya zo. Kacper Sztuka, ɗan ƙasar Polan mai tuƙa wa ƙungiyar US Racing, shi ne zakara. Na uku Arvid Lindblad, ɗan Birtaniya, abokin aikin Ugo a ƙungiyar Prema. Inda masu yaɗa hoton suka ruɗe shi ne, a wannan shekarar an ƙirƙiro wata gajeriyar gasa mai suna Euro 4, da motoci iri ɗaya da kusan yara ɗaya, aka yi ta a filayen tsere na Mugello da Monza da Barcelona. Wannan Ugo ne ya ɗauke ta. Ka gaya wa abokinka kofi dai yaron ya ɗaga a 2023, sai dai ba wanda aka rubuta a ƙasan hoton ba ne.

Kada zuwa na biyun ya rage masa daraja a idonka. Motoci sama da 30 ne ke jeruwa a layin tashi, daga ƙasashe daban-daban, kuma kusan kowane yaro a cikinsu ya riga ya ci kofuna a tseren ƙananan motocin kat. Shi kansa Ugo ya ci gasar kat ta yara ta Turai a 2020, McLaren, ƙungiyar Fomula 1 (ƙololuwar wannan tsere), ta ɗauke shi cikin 'yan rainonta a 2021, ya zo na uku a Fomula 4 ta Birtaniya a 2022. A watan Nuwamban 2024 ya ci babban tseren Macau, wanda ake yi a kan titunan gari tsakanin katangu, tseren da Ayrton Senna ya ci a 1983, Michael Schumacher ya ci a 1990.

Tambaya: Malam, ni bakanike ne. An ce min duk motocin wannan gasa iri ɗaya ne, inji ɗaya, taya ɗaya. To in haka ne, me ya sa kullum sunan Prema nake ji a sama? Ko dai ana taɓa injin a ɓoye? (Wani bakanike daga Panteka, Kaduna)

Amsa: Maigida, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Kamfanin Tatuus da ke kusa da Milan ne ke ƙera gangar jikin motar, samfurin F4-T421 da aka fara amfani da shi a 2022. Injin na Abarth ne, mai lita 1.4 da turbo, ƙarfinsa wajen doki 180. Tayoyin duka na Pirelli ne. Ana ɗaure wa injin hatimi, ba a yarda ƙungiya ta buɗe cikinsa ba, kuma bayan tsere alƙalai kan ja motoci gefe su auna su, su duba. In aka sami abin da ya saɓa ƙa'ida, sai a soke sakamakon direban.

Za ka ce doki 180 ai ba wani abu ba ne, akwai motocin gida da suka fi haka. Gaskiya ne. Amma motar nan da direbanta a ciki nauyinta bai wuce wajen kilo 600 ba, kujera ɗaya ce, tayoyinta a waje suke babu murfi, tana da fukafuki gaba da baya da iska ke dannawa don ta manne da kwalta. Tayar rani sumul take, babu zane ko ɗaya, sai ta yi zafi take kama ƙasa. Giya shida ce, da yatsu ake canza ta a bayan sitiyari.

Bambancin yana wurin da kai ka fi ni sani, wato saiti. Iskar taya nawa za a sa da safe lokacin da kwalta ke da sanyi, nawa za a sa da rana. Yaya za a karkatar da tayar gaba. Fukafukin baya a kwantar da shi ko a ɗaga. A Monza, inda hanya take miƙe tsawon lokaci, ana kwantar da shi don mota ta tsaga iska. A Mugello, mai kwanoni masu gudu a kan tudu da gangare, ana ɗaga shi. Kuskuren 'yan milimita kan jawo asarar kashi biyu ko uku cikin goma na daƙiƙa a zagaye ɗaya, kuma a wannan gasar hakan ya isa ya mayar da yaro daga layin farko zuwa na biyar.

Prema tana wannan sana'a tun 1983. Tana da bayanan da kwamfuta ta naɗa na kowace kwana a filayen nan shekara da shekaru. Yaro na sauka daga mota, injiniya zai buɗe masa allo, ya ɗora layin tuƙinsa a kan na abokin aikinsa, ya nuna masa: nan ka taka birki da wuri da mita biyar, nan ka makara wajen ba da wuta. Sannan tana da kuɗin yin gwaji kwana da kwanaki, kuma iyayen yaran da suka fi hazaƙa wurinta suke fara nufa. Duk da haka ka lura, a 2023 Prema ta ci kambun ƙungiyoyi, amma na direbobi US Racing ce ta tafi da shi, ƙungiyar Jamus ta Gerhard Ungar da Ralf Schumacher.

Tambaya: Ranka ya daɗe, abin da ya ɗaure min kai shi ne, wanda ya zo na uku a 2023 ya sami kujera a Fomula 1, wanda ya ci gasar kuwa shiru. Wannan ba zalunci ba ne? (Wani malamin makaranta daga Damagaram)

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da na fi so a cikin na yau, don a nan ne mai kallon teburin maki kawai yake ɓata hanya. Bari mu bi kakar yadda ta gudana.

An fara a Imola a watan Afrilu, aka je Misano, Spa ta Beljiyam, Monza, Paul Ricard ta Faransa, Mugello, aka rufe a Vallelunga kusa da Roma a watan Oktoba. A ƙa'ida kowane zango tsere uku ne, kowanne minti 30 da ƙarin zagaye ɗaya. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma mai maki ɗaya. Rabin farko na kakar Lindblad ne ya riƙe ta. A Monza ya cinye tseren uku duka, ya ba da tazarar da mutane da yawa suka ɗauka an gama magana. Daga Paul Ricard sai abu ya juya. Lindblad ya daina cin tsere, Sztuka ya shiga jera nasarori har ya tara tara a kakar, Ugo kuma yana ta tsintar maki a hankali har shi ma ya wuce Lindblad. Sztuka ya ci da guminsa, kuma ban yarda da masu rage masa ba. Jera nasara irin wannan alhali kowa ya san kai ake hari, ba ƙaramin aiki ba ne ga yaro ɗan shekara 17.

To amma masu farautar direbobi ba jimillar maki kaɗai suke dubawa ba. Suna tambaya: shekararsa nawa, kuma tun yaushe yake cikin wannan mota? Sztuka ya fara shiga gasar tun 2021, ya zo na shida a 2022, ya ci a shekararsa ta uku. Lindblad kuwa an haife shi a watan Agustan 2007, yana ɗan shekara 15 aka fara kakar, kuma ita ce cikakkiyar kakarsa ta farko. Kai malami ne, ka san yadda kake kallon ɗalibin da ya zo na ɗaya bayan ya maimaita aji, da sabon shiga da ya zo na uku a zangonsa na farko. Duka biyun sun yi ƙoƙari, amma idonka a kan sabon yake.

Kuma ba a hana Sztuka dama ba. Ƙungiyar Fomula 1 ta Red Bull ta ɗauke shi cikin 'yan rainonta bayan ya ci gasar, ya shiga Fomula 3 a 2024 da ƙungiyar MP Motorsport. Sakamako bai zo ba, kafin kakar ta ƙare Red Bull ta sallame shi. A wannan gasar dai, a wannan shekarar, Lindblad ya ci tserensa na farko a Bahrain, ya ci duka biyun da aka yi a Silverstone, ya ƙare na huɗu. Ya yi Fomula 2 a 2025, a watan Disamba aka sanar da shi a matsayin direban ƙungiyar Fomula 1 ta Racing Bulls na 2026.

Inda na yarda da kai akwai rashin adalci shi ne gaggawar yanke hukuncin. 'Yan watanni sun yi kaɗan a auna yaron da ya tsallake daga mota mai doki 180 zuwa mai wajen 380. Wanda yake da gata kan sami shekara ta biyu ya gyara, wanda ba shi da shi sai ya koma gefe. Cin gasar ma da kansa maki 12 kawai yake bayarwa daga cikin 40 da hukumar wasan motoci ta duniya, FIA, ke buƙata kafin ta ba da lasisin Fomula 1. Cikin zakarun wannan gasa tun da aka fara ta a 2014, Lance Stroll, Oliver Bearman na 2021 da Kimi Antonelli na 2022 sun kai can. Ralf Aron, Marcos Siebert, Marcus Armstrong da Dennis Hauger sun ci kofi iri ɗaya, kowannensu wata hanyar ya bi.

Tambaya: Me ya kai gasar Italiya Beljiyam da Faransa? (Wata ɗaliba daga Kumasi)

Amsa: 'Yata, hukumar wasan motoci ta Italiya, ACI Sport, da kamfanin WSK ne ke shirya ta, shi ya sa take ɗauke da sunan ƙasar. Amma yaran da ke shiga burinsu Fomula 3 da Fomula 2 ne, kuma can ɗin a filaye irin su Spa ake tsere, don haka ana kai su su koyi hanyar tun da wuri. Ga shi kuma gasar Fomula 4 ta Jamus ta rufe bayan 2022, ƙungiyoyin da ke yin ta suka karkata ga ta Italiya.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 14 ba shi da aiki sai kallon tseren nan a waya, yanzu ya ce shi ma direban tsere zai zama. Ni tsoro nake ji. Shin yara ba sa mutuwa a ciki? Kuma ta ina ake farawa? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma ba zan ɓoye miki ba. A ranar 1 ga Yulin 2023, Dilano van 't Hoff, ɗan Holan mai shekara 18 wanda ya ci Fomula 4 ta Sifen a 2021, ya rasu a filin Spa cikin ruwan sama, a gasar da ke gaba da Fomula 4 da mataki ɗaya. 'Yan makonni kafin nan yaran gasar Italiya suka yi nasu tseren a wannan filin. Feshin ruwan da tayoyi ke tasarwa yakan hana na baya ganin motar da ta tsaya a gabansa, kuma har yanzu wannan matsala ce da ba a gama magancewa ba.

An dai yi aiki sosai a kan kariya. Akwatin da direba ke zama a ciki an yi shi da zaren kabon mai tsananin ƙarfi. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke kewaye kansa, ana ce masa halo. Kayan jikinsa ba sa kama wuta da sauri, akwai abin da ke riƙe wuyansa, likitoci da motar asibiti suna tsaye a bakin fili. Abin da ya fi ba ni tsoro game da yaranmu shi ne wasan mota da ake yi a kan titi ranar biki, babu hular kwano, babu bel, jama'a kuma na tsaye a gefe. Wannan ki hana shi da dukkan ƙarfinki.

Maganar farawa kuwa, sai yaro ya cika shekara 15 ake ba shi izinin shiga Fomula 4, amma waɗanda ke shiga yawanci tun suna shekara shida zuwa takwas suke tuƙa kat a gasa. Kaka ɗaya a babbar ƙungiya a Italiya tana cin ɗaruruwan dubban Yuro, ban da kuɗin gyara in yaro ya fasa mota, kuma iyaye ko masu ɗaukar nauyi ne ke biya. Gara ɗanki ya ji wannan daga bakinki tun yanzu.

Sai dai kada ki kashe masa sha'awar. A bayan kowace mota akwai injiniya mai karanta bayanan kwamfuta, da kanikawa, da mai kula da taya, kuma su albashi ake biyansu, ba su ke biya ba. Ki sa shi ya dage da lissafi da kimiyyar fiziks da Turanci. In an yi hutu, ki samo amintaccen gareji ya riƙa zuwa yana koyon kwance birki da ɗaure shi. Jami'o'i da dama a duniya suna da ƙungiyoyin ɗalibai da ke ƙera motar tsere da hannunsu su kai ta gasar Formula Student, wadda ake yi duk shekara a Silverstone, kuma ƙungiyoyin tsere suna ɗaukar ma'aikata daga cikin waɗannan ɗaliban. Ga ABU nan kusa da ku tana da sashen injiniyan kanikanci, ki kai shi ya ga ɗakin aikinsu.