Na ƙara musu albashi amma har yanzu jiki a sanyaye

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan ƙaramin kamfani, ma'aikata 12 ne a ƙarƙashina. Farkon shekara na yi musu ƙarin albashi gaba ɗaya, kowa daidai da kowa, aka yi ta murna ana godiya, amma wallahi ba a rufa wata biyu ba kowa ya koma gidan jiya, ga latti ga kwantar da aiki, shi wanda ya fi kowa ƙoƙari ma yanzu shi ya fi kowa ja da baya. Don Allah ina matsalar take, ko kuɗin ne bai isa ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin yi abin kirki, sai dai kin ɗora wa kuɗi kayan da ba zai iya ɗauka ba. A 1959 wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa sun fitar da binciken da suka yi da injiniyoyi da akantoci wajen 200, tambayar kawai ita ce yaushe ka ji daɗin aikinka sosai, yaushe kuma ranka ya ɓaci. Abin mamaki amsoshin ba kishiyar juna ba ne. In ana zancen ɓacin rai sai ka ji tsarin kamfani, halin oga, yanayin wurin aiki, albashi. In kuma zancen jin daɗi ne sai ka ji na kammala wani abu mai wuya, an yaba min, an damƙa min amana, an ɗaga ni gaba. To shi sai ya ce gyara abubuwan rukunin farko ƙorafi yake kashewa kawai, ba ya haifar da ƙwazo, ƙwazo daga rukuni na biyun yake fitowa. An soki binciken fa, don ɗan Adam dama in abu ya yi kyau cewa yake ni ne, in ya lalace kuma oga ne, amma ni dai a ganina ya taɓo gaskiya, kuma ita kike gani a ofis ɗinki.

Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan bawan Allah da ya yi sanyi. Kin ce kowa daidai da kowa, to nan gizo ke saƙa. Wani masani, Stacy Adams, a 1963 ya yi bayanin cewa ma'aikaci ba albashinsa kaɗai yake kallo ba, auna abin da ya zuba da abin da ya samu yake yi, sannan ya leƙa na abokin aikinsa. Shi ma'aikacin naki yana zuwa da sassafe yana tashi bayan kowa, ga wani can sai hantsi yake shigowa, ranar ƙari kuma aka ba su iri ɗaya, me kike so ya fahimta? Tunda ba zai iya ƙara wa kansa albashi ba sai ya rage abin da ke hannunsa, wato ƙoƙarin, har lissafin ya zo daidai a ransa. Ba lalaci ba ne ya same shi, lissafi ya yi.

Wani masanin kuma, Victor Vroom, a 1964 ya ce tambaya uku mutum ke yi wa kansa: in na dage zan iya aikin, in na iya za a saka min, sakamakon ma ina son sa? Ɗaya ta faɗi, duka sun faɗi. A wurinki ta biyun ce ta tsinke.

Game da ko kuɗin bai isa ba, wannan ke ce za ki bincika da gaske, don masani Abraham Maslow tun 1943 ya ce buƙatar ciki da ta matsuguni su ne a gaba, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kada ki je masa da takardar yabo, haushi ma zai ji.

Ki kira ma'aikacin nan da ya yi sanyi ku zauna ku biyu, ba a gaban mutane ba, ki tambaye shi me ya canza kuma ki yi shiru ki saurara. Ki ba shi wani sashe ya riƙe da kansa ba sai ya nemi izininki a komai ba. Ƙari na gaba kuma ki raba shi biyu, na tsadar rayuwa kowa ya samu, na ƙwazo kuwa ki faɗi ma'auninsa a fili tun kafin a fara, kuma ranar da kika ce za ki biya ki biya.