Amsa ga Malamar da ke tambayar abin da za ta koya wa ɗalibai kafin su tafi karkara

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Allah ya ƙara basira.

In na fahimce ki daidai, wata ƙungiya ce ta yi wa makarantarku tayin ɗaukar nauyin horon mako shida ga ɗaliban jinya da ungozoma na shekarar ƙarshe. Mafi yawansu ƙananan asibitocin karkara za su, wasu kuma burinsu aiki da ƙungiyoyin agaji, ko a sansanin 'yan gudun hijira ko a wata ƙasa. Ke aka ɗora wa tsara darussan, kina tambaya da me za ki cika makonnin. 'Yan'uwa sun riga sun ba ki jeri mai tsawo, kuma babu na yarwa a ciki. Ni dai ta wani gefe zan zo, domin na daɗe a ɗakin haihuwa na irin waɗannan asibitoci kafin in koma koyarwa.

Shawarata ki rage darussan. Ki zaɓi 'yan abubuwan da ke kashe mutum cikin sa'o'i kaɗan, ki sa yaran nan su yi ta maimaita su da hannunsu har su iya ko daga barci aka tashe su. Yarinyar da za ki yaye, ranar da za a gane ko ta koyu ba ranar jarrabawa ba ce. Ƙarfe biyun dare ne, babu wuta, likita yana garin da ke da nisan awa biyu, ga mace a kan gado jini na zuba, ga uwar miji a tsaye a bakin ƙofa. A wannan daren babu abin da zai amfane ta sai abin da hannunta ya saba da shi.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A asibitin Haydom da ke Tanzaniya an ba ungozomomi horon yini guda kan farfaɗo da jaririn da aka haifa ba ya numfashi, wato shirin nan na Helping Babies Breathe. Da aka gwada su a kan 'yar tsana bayan watanni, sun yi kyau. Da aka duba abin da suke yi a ɗakin haihuwa kuwa, bai canza ba. Sai da aka ajiye 'yar tsanar a cikin ɗakin haihuwar, kowa na taɓa atisaye na 'yan mintuna a kai a kai, sannan mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu. Abin tamkar hadda ne, in babu tilawa zubewa take yi. Saboda haka in ƙungiyar nan ta ce za ta kai ku otal a yi taron bita da majigi da ruwan roba, ki roƙe su su mayar da kuɗin otal ɗin ga sayen 'yan tsana da ambu, wato jakar robar da ake matsawa a hura wa mutum iska in ba ya numfashi, a bar muku su a makaranta.

Da ni ce ke, da zubar jini bayan haihuwa zan fara, kuma ita zan fi ba lokaci. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma jini na kan gaba cikin dalilai. Matsalarmu ta farko ido ne. Mun saba mu kalli zani da ƙasa mu ce "ai bai kai ba", alhali ya wuce mililita 500 tuni. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, a nan ya gyara. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru a ciki, kowa na gani. Da zarar ya kai layi, ba a bin matakai ɗaya bayan ɗaya ana jiran a ga ko na farko zai yi aiki. A lokaci guda ake murza mahaifa, a ba da oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da tiraneksamik asid mai taimaka wa jini ya tsaya, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Babu wata na'ura mai tsada a cikin wannan, kuma duk aikin ungozoma ne.

Amma ki koya musu da sharaɗin inda za su. Oksitosin sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A garin da firjin asibiti ya shekara bai ga wuta ba, kwalbar da ta kwana a aljihun tebur cikin zafin bazara ba abin dogaro ba ce, ko da ranar lalacewar da ke jikinta ba ta zo ba. Dole su san misofrostol, ƙwayar da ke tsuke mahaifa ba ta kuma buƙatar firji, su san yadda ake matse mahaifa da hannu biyu, su san yadda ake danne babbar jijiyar ciki a tsayar da jini har a samu mota. Ni a ajina nakan ɓoye abu guda daga cikin tire kafin atisaye, ban faɗa wa kowa ba. Wata rana oksitosin, wata rana kanula, wato bututun da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, wata rana in kashe fitila in miƙa tocila. Da farko daskarewa suke yi. Bayan 'yan makonni sai ki ga tun kafin su taɓa mara lafiya sun duba tiren, sun tura wani ya nemo abin da babu.

Sai jijjigar masu ciki da haihuwa. A nan ba rashin magani ne ya fi damuna ba, tsoron maganin ne. Na sha tarar da maganin jijjigar, wato magnesiyam salfet, a kabad ya kusa lalacewa, ma'aikaciya tana tsoron bayarwa don an tsorata ta da cewa yana tsayar da numfashi, ta gwammace ta sa mace a mota tana jijjiga. A 2008 aka shigar da wannan magani manyan asibitoci goma na jihar Kano tare da horas da ma'aikata, kuma mutuwar masu jijjiga ta faɗi daga kusan ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da uku cikin ɗari. Ki sa kowace ɗaliba ta zuƙi giram 4 na jijiya da giram 5 na kowane mazauni da hannunta, ko da da ruwa ne a kwalbar da ta ƙare. Ta san abubuwa ukun da ake dubawa kafin a ƙara, wato numfashi, da motsin gwiwa in an buga, da yawan fitsari. Ta kuma san inda kalsiyam gulukonet yake, wato makarinsa in ya yi yawa a jiki. Ko da tura matar za ta yi gaba, ta ba ta allurar farko tukuna.

Wajen yara, agogo da ido da zaren awon dantse sun isa su ceci da yawa. Ƙidayar numfashi na cikakken minti, ga inda ake cewa ya yi sauri: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar. Dantsen da bai kai santimita 11.5 ba a kan ja yake faɗawa a zaren awon, tamowa mai tsanani ce. Ki tsaya sosai a kan tamowa, domin a nan ne abin da aka koya musu a sauran darussa yake iya zama illa. Sun saba in yaro ya bushe a sa masa ƙarin ruwa. Yaron da ke da tamowa mai tsanani kuwa zuciyarsa ba ta ɗaukar wannan, ruwan na iya kashe shi. A fara da madarar F-75 ta masu tamowa kaɗan-kaɗan, a kiyaye shi daga sanyi da faɗuwar suga, kada a yi gaggawar ba shi maganin ƙarin jini. Tun yunwar 2005 a Nijar, lokacin da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar dubban yara a yankin Maraɗi da haɗin gyaɗar nan na Plumpy'Nut, aka tabbatar mafi yawan masu tamowa a gida za a iya jinyarsu in dai suna cin abinci kuma babu wata cuta a kai. Aikin nas shi ne ta iya ware wanda zai koma gida daga wanda dole a kwantar. Bakwaini kuma, inda babu kwalbar jarirai, ƙirjin uwarsa ne, fata da fata. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro wannan dabara a 1978, kuma ƙarancin kwalaben ne ya haifar da ita.

Akwai wani abu da nake so ki ja musu kunne a kai, don na ga yana lalata ma'aikata masu hazaƙa. Rashin kayan aiki yana koya wa mutum dabara, amma yana kuma koya masa sakaci in bai yi hattara ba. Yau an wanke safar hannu an sake amfani da ita don babu wata, gobe ko akwai sai a ci gaba da hakan. Yau an ɗan jinkirta tura mai doguwar naƙuda don babu mota, gobe ya zama al'ada. Duk wadda ta taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, ko cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, ko asibitin Jahun, ta ga ƙarshen irin wannan jinkiri. In da hali ki kai ɗalibanki ɗaya daga cikinsu su yini. Bayan haka ba sai kin roƙe su su riƙa cike takardar bibiyar naƙuda ba. Su kuma koyi tura mara lafiya yadda ya dace: ƙarin ruwa a hannu, takarda mai ɗauke da abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta, waya zuwa asibitin da za a je, da dangi biyu da za su iya ba da jini. A wasu jihohinmu an yi tsarin da direbobin ƙungiyar motocin haya ta NURTW ke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Ranar da yarinya ta sauka a sabon wurin aiki, lambar shugaban tasha na cikin abin da za ta fara nema.

Mu'amala da mutanen gari ba a aji ake koyonta ba, don haka ba zan tsawaita ba. Su dai sani cewa sau da yawa ba mara lafiyar ce ke yanke shawara ba, maigida ne ko uwarsa. Su gaida mai gari da liman. Kada su raina ungozomar gargajiya, domin ita ake fara kira, kuma in ta yarda da ke ita za ta riƙa rako miki mata da wuri. Tsawa a kan mai naƙuda kuwa, mace ɗaya za ki yi wa, unguwa guda ta daina zuwa.

Lafiyar su kansu yaran fa? Kada ko ɗaya ta bar makaranta ba ta kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B ba. Su san in allura ta soke su akwai maganin kariya daga HIV da ake farawa cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Su iya haɗa ruwan kulorin, kashi 0.5 cikin ɗari na wanke wuri da kaya, 0.05 na wanke hannu. Zazzaɓin Lassa ya ci ma'aikatan lafiya da dama a ƙasar nan, kuma a Ebolar da ta shigo Legas a 2014, Dakta Stella Adadevoh da nas Justina Ejelonu wajen jinyar mutumin da ya shigo da ita suka kamu suka rasu. Masu sha'awar sansanonin arewa maso gabas kuma a gaya musu gaskiya tun yanzu. Saifura Khorsa da Hauwa Liman ungozomomi ne da ke aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, ICRC, a garin Rann na jihar Borno, aka sace su a watan Maris na 2018, aka kashe su a cikin shekarar. Allah ya jiƙansu. Ba don a hana kowa zuwa nake faɗa ba, sai don yarinya ta san tana da haƙƙin tambayar ƙungiyar da za ta ɗauke ta wane tsarin tsaro gare su, a ina za ta kwana, wa za ta kira, kuma iyayenta su sani.

Game da masu son aiki a ƙasashen waje da ƙungiyoyin agaji, irin su MSF sukan nemi gogewar aƙalla shekara biyu bayan kammala karatu. Akwai kwas na jinyar cututtukan ƙasashe masu zafi a Libaful da Landan, mai kyau ne amma da tsada, kuma rabin abin da ake koyarwa a can yarinyar da ta yi damina biyu a sashen yara na wani babban asibiti a Jigawa ko Zamfara ta riga ta gan shi da idonta. Abin da zan ce su ƙara shi ne Faransanci. Nijar, Chadi, Kamaru, Kongo, dukansu da shi ake rubuta takardun aiki, kuma mai Hausa da Faransanci ta yi wa takwarorinta nisa a Maraɗi ko Damagaram. Na san wasu za su ce in mun horas da su sosai Ingila za su tafi. Gaskiya ne ana tafiya, Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ƙasa da kanta ta ce a 2024 kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Maganin wannan yana hannun masu biyan albashi, ba a ajinki yake ba.

Tun da ƙungiyar ce ta kawo kanta, ki nemi abu biyu a rubuce kafin a fara. Na farko, kowace ɗaliba ta fita da ambu na jarirai, da zaren awon dantse, da na'urar awon hawan jini irin ta hannu wadda ba ta buƙatar batir, da tocilar goshi. Na biyu, a ware kuɗin mai da zai ba ku damar kai musu ziyara a wuraren aikinsu cikin shekarar farko, ku yi atisaye tare a ɗakin da suke karɓar haihuwa. In suka ce kasafin bai kai ba, ki rage horon zuwa mako huɗu, kuɗin sauran biyun ya tafi ga ziyarar.

In kina son takardar da nake bi wajen atisayen zubar jini da ta jijjiga, ki yi mini magana ta akwatin sirri in turo miki. Ki gaida sauran malamai.