Taswirar ruwan sama na fita da hannu, amma da asuba babu komai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina taimaka wa wata ƙungiyar manoma da taswirar hasashen ruwan sama a lokacin damina. Nakan sauko da bayanan GFS, wato tsarin hasashen yanayi na hukumar NOAA ta Amurka, in zana da manhajar GrADS a kan Linux. Idan na buga umarnin da hannuna, hoto ya fito tsaf. Da na sa cron, wato manhajar da ke gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ya riƙa yi da kansa ƙarfe 4 na asuba, sai abin ya rikice: wata rana babu hoton sam, wata rana taswirar ta fito da iyakokin ƙasa kawai, an rubuta "Entire Grid Undefined" a tsakiya. Ina mafita? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Matsaloli biyu ne suka haɗu maka, kuma kowace da maganinta.

Mu fara da ranar da babu hoto. Lokacin da ka zauna gaban kwamfuta, ta riga ta karanta saitunanka, ta san inda ka ajiye GrADS, ta san allon da za ta yi zane a kai. Shi kuwa cron baƙo ne, bai san gidan ba. Wuri biyu kawai yakan duba neman manhaja, /usr/bin da /bin, kuma ba shi da allo. Saboda haka ka kira GrADS da cikakken adireshinta, ka haɗa da -blc kafin sunan fayil ɗin umarninka. Harafin b ɗin nan shi ke hana ta neman taga. Cikakken adireshin yana da wani amfani: in akwai tsohuwar GrADS 2.0 a kwamfutar, ita ba ta san umarnin fitar da hoto na gxprint ba, printim ta sani. A saman rubutun kuma ka faɗa mata GADDIR, inda haruffa da fayilolin iyakokin ƙasa suke. In kana kan 2.2, ƙara GAUDPT, domin ta nan take samun sashen da ke fitar da hoto. Sunan hoton ma a ba shi cikakken adireshi, kuma ka rufe da quit.

Akwai wani ɗan tarko da ya taɓa cinye mini yini biyu cur. A cikin crontab, wato fayil ɗin jadawalin cron, alamar % na nufin sabon layi. In ka rubuta date +%Y%m%d a wurin don samun kwanan wata, umarnin zai katse tun bai fara ba. Ka mayar da komai cikin fayil guda, cron ya kira shi kawai. A ƙarshen layin ka sa > /tmp/ruwa.log 2>&1, da safe ka buɗe fayil ɗin ka ga kukan da GrADS ta yi da bakinta, ka huta da shaci-faɗi.

Ta biyun ta fi damuna. Taswirar da ta fito fanko na nuna GrADS ta yi aikinta, bayanan ne babu. GFS na gudana sau huɗu a yini, ƙarfe 00, 06, 12 da 18 agogon GMT. Na 00 shi ne ƙarfe 1 na dare a Najeriya da Nijar, amma fayilolinsa ba sa fara fitowa sai bayan kamar awa uku da rabi, wato wajen 4:30 na asuba a wurinmu, sauran kuma su biyo a hankali. Kai kuwa ƙarfe 4 kake zuwa, tuwo bai nuna ba. Matsar da shi zuwa 6:30. Ka kuma duba agogon kwamfutar, ko na gida take bi ko GMT. Sannan ka tuna, tarin ruwan sama babu shi a awar farko ta hasashe, domin ba a fara tarawa ba tukuna. Ka fara zane daga mataki na gaba. In intanet ta yanke ana tsakar saukowa, ko gribmap, mai shirya wa GrADS jadawalin bayanan, ya gudana kafin fayil ya kammala, irin wannan fankon za ka gani. Sa rubutun ya auna girman fayil tukuna, in bai kai ba ya jira minti goma ya sake gwadawa.

Abin da na fi roƙonka shi ne wannan. Na taɓa ganin an ɗauke wuta da daddare, aikin bai gudana ba, hoton jiya na nan zaune da sunan na yau, aka tura shi WhatsApp. Wani dattijo ya ga babu ruwa a taswira, ya zuba takin da ya ci bashi ya saya, da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ya wanke shi. Don Allah, layin farko na rubutunka ya goge tsohon hoto. Sannan ka ɗauko lokacin da q time, ka buga shi da draw title a saman taswirar da manyan haruffa, yadda duk wanda ya buɗe a waya zai ga ranar kafin ya ga launin ruwan.