Me ya sa I% ke sauyawa bayan an kira PROC a BBC BASIC?

Ɗan'uwa, ka ce zagayen FOR ɗinka (umarnin da ke maimaita aiki) a kwamfutar BBC Micro yana rikicewa duk lokacin da ka kira PROC (ɓangaren shiri da ake kira da sunansa) a cikinsa. Matsalar ita ce ka yi amfani da I%, ma'ajin ƙima (variable) da ke ƙirga zagayen, a waje, ka kuma sake amfani da shi a cikin PROC ɗin. A BBC BASIC kowane ma'ajin ƙima na shirin gaba ɗaya ne, sai dai in ka keɓe shi. Saka LOCAL I% a layin da ke bin DEF PROC. Na'urar za ta adana tsohuwar ƙimar a gefe, ta mayar da I% sifili, da an kai ENDPROC sai ta dawo da ita yadda take. Ma'ajan da ka sa cikin baka biyu ( ), kamar X% da Y% a DEF PROCzane(X%,Y%), ba sa buƙatar LOCAL.

Amma don Allah kada ka fita daga PROC da GOTO (umarnin tsallakawa zuwa wani layi). Na taɓa yin haka: tsohuwar ƙima ba ta dawo ba, abin da aka adana ya yi ta taruwa har na ga saƙon kuskure "No room", wato wurin ajiya ya ƙare. BBC Micro Model B 32K kawai na ƙwaƙwalwar ajiya gare ta, kuma yanayin allo na MODE 2 kaɗai yana cinye 20K.