Shin shirin hanzarta kamfanoni yana taimaka wa mace da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da ƙawata mun kafa ƙaramin kamfani na wata manhaja da ke taimaka wa 'yan kasuwa wajen lissafin kayansu. Mun samu masu amfani da ita, amma jari ya tsaya mana. An ba mu shawarar neman shiga irin shirye-shiryen nan da ke ɗaukar sababbin kamfanoni na 'yan watanni su haɓaka su. Me suke yi wa mata a zahiri? Kuma ya dace mu sadaukar da wani kaso na kamfaninmu saboda su?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya sa albarka a wannan ƙoƙari naku.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana zaɓar rukunin kamfanoni su fara tare su gama tare, yawanci cikin wata uku. Ana ba su ɗan jari, a haɗa su da gogaggun da suka taɓa gina kamfani, sannan a rufe da ranar baje koli, inda kowa zai tsaya gaban masu zuba jari ya tallata aikinsa cikin mintuna kaɗan. Y Combinator, wanda aka kafa a Amurka a 2005, shi ya fito da wannan salo, Techstars ya biyo baya a 2006. Tun 2022 Y Combinator yana zuba dala 500,000 a kamfanin da ya ɗauka, kuma dala 125,000 daga ciki a madadin kashi 7 cikin ɗari na mallakar kamfanin ne. Akwai kuma waɗanda ba sa karɓar ko ɗigo na mallaka, irin shirin Google for Startups, da Cartier Women's Initiative, wanda aka kafa a 2006, da ke ba mata tallafin kuɗi.

A ganina, abin da mace ta fi samu a nan shi ne ƙofa. Harkar zuba jari ta sanayya ce: wane ya gabatar da wane, wane ya tsaya wa wane. Yawancin masu yanke shawarar inda kuɗin zai tafi maza ne, kuma mutanen da suka sani suke fara saurara. A Amurka, kamfanonin da mata zalla suka kafa sun daɗe suna samun kimanin kashi 2 cikin ɗari kacal na irin wannan jari. Shirin kirki yana ara miki sunansa, sai wasiƙar da da ba za a buɗe ba a amsa ta cikin kwana biyu. Ga kuma 'yan rukuninku, waɗanda za ki iya kira da tsakar dare ki tambaye su yadda suka yi da irin matsalar da ta hana ki barci.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye miki ba, domin yana damuna. A 2020, hukumar IFC ta Bankin Duniya tare da Village Capital, wata ƙungiya mai gudanar da irin waɗannan shirye-shirye, sun fitar da bincike kan wannan batu, suka gano cewa bayan kammala shiri, ƙarin jarin da kamfanonin maza suka samu ya ninka na mata fiye da sau biyu. Matan sun fi samun rance. Wato horo ɗaya, ɗaki ɗaya, amma giɓin bai rufe ba, har ƙaruwa ya yi. Wani bincike da Dana Kanze da abokan aikinta suka yi kan gasar TechCrunch Disrupt, inda masu sababbin kamfanoni ke tallata aikinsu gaban masu zuba jari, ya nuna ɗaya daga cikin dalilan. Kusan kashi biyu cikin uku na tambayoyin da aka yi wa maza a kan bunƙasa ne: ina za ka kai, kasuwar nawa ce? Matan kuwa an fi tambayar su kan kauce wa asara: idan masu sayayya suka gudu fa? Wadda aka sa ta yini tana kare kanta ba ta samun damar nuna girman burinta. Waɗanda suka amsa tambayar tsoro a taƙaice suka juya zancen zuwa bunƙasa sun fi samun kuɗi, don haka ku fara gwada wannan ke da ƙawarki tun yanzu.

Kafin ku cike fom, ku bincika shirin kamar yadda zai bincike ku. Ku tambayi mata nawa suka kammala da kuma nawa suka tara bayan sun fita, ku nemi biyu ko uku daga cikinsu ku ji daga bakinsu. Ku duba ko akwai mata cikin masu zaɓe da masu sa hannu a kuɗi. Village Capital ya yi suna da tsarin da 'yan rukuni da kansu suke tantance juna su zaɓi wanda za a ba jari, kuma mata sun fi samun rabo a irin wannan tsari. Ku tambayi batun lokaci ma: dole ne a tare a wani gari wata uku, ko ana iya halarta ta intanet? Ga mai goyo ko mai kula da iyali, wannan kaɗai yana iya yanke hukunci.

Batun kaso kuwa, tunda kuna da masu amfani da manhajarku, ba hannu rabbana za ku je ba. Ina ba ku shawara ku fara neman shirin da ba ya karɓar mallaka. Idan wanda ke karɓa ne ya ɗauke ku, kuma tsofaffin ɗalibansa mata sun tabbatar muku da amfaninsa, kashi 5 zuwa 7 ba ɓarna ba ne. Amma ku kai takardar wurin lauya ya karanta muku sharaɗi bayan sharaɗi, musamman wurin da ya shafi abin da kasonku zai koma idan sabon mai zuba jari ya shigo.