Tambaya da Amsa: Mutum ɗaya zai iya kafa kamfanin manhaja ba tare da masu zuba jari ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina. Na koyi rubuta manhaja daidai gwargwado, ina so in fara neman na kaina da ita. Amma abokaina sun ce in ban samu masu zuba jari daga Legas ko ƙasar waje ba, wahalar banza nake. Da gaske ne? (Daga Ƙofar Marusa)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokanka labarin Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ne ya cika musu kunne. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa shi a 2015, suka samu jari daga Amurka, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. To amma harkar biyan kuɗi sai da lasisi da jari mai kauri. Ba kowace manhaja ce ke da wannan nauyi ba.

Dubi Mailchimp. Ben Chestnut da Dan Kurzius masu tsara wa mutane shafukan intanet ne a birnin Atlanta. Kwastomominsu suka yi ta neman hanyar aika wa masu sayen kayansu saƙon imel a lokaci guda, sai suka haɗa musu ɗan abin aiki a 2001, a gefen sana'arsu. Sai a 2007 suka ajiye tsara shafuka suka rungume shi gadan-gadan. Shekara 20 ba su karɓi ko sisi daga mai zuba jari ba, har kamfanin Intuit ya saye shi a 2021 kan kusan dala biliyan 12. Basecamp ma haka ya samo asali a Chicago a 2004: ayyukan kwastomomi ne suka cakuɗe wa waɗanda suka ƙirƙiro shi, suka rubuta abin da zai tsara musu su, daga baya suka ga wasu ma suna so.

Wanda ya fi burge ni shi ne Zoho na Indiya, wanda Sridhar Vembu da abokan tafiyarsa suka fara a 1996. Bai taɓa karɓar kuɗin masu zuba jari ba, yana ɗaukar yaran da suka gama sakandare ya horar da su ya ba su aiki ba tare da digiri ba, shi kansa Vembu ya tattara ya koma ƙauye kusa da garin Tenkasi. Duk mai cewa sai a Legas ake yin abu, ya karanta labarinsa.

Na mutum ɗaya tilo ma akwai. Eric Barone shi kaɗai ya rubuta wasan kwamfuta na noma mai suna Stardew Valley, ya zana hotunansa, ya haɗa sautinsa, ya fitar a 2016 bayan sama da shekara 4 yana fama. A tsawon lokacin yana aikin wucin gadi a wani gidan wasa a Seattle, yana nuna wa 'yan kallo kujerunsu. Wannan ɓangaren ne matasa ba sa son ji. Kuma ka sani, waɗanda suka ci nasara ake ba da labarinsu. Masu irin wannan yunƙuri da suka tashi a tutar babu sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Ka lura Mailchimp da Basecamp ba ɗaki suka shiga suna tunanin abin da zai girgiza duniya ba. Matsalar mutumin da ke biyansu kuɗi suka warware. Kai ma ka fita. Je makarantar kuɗi ta unguwarku a ƙarshen zango ka ga yadda malamai ke kwana suna haɗa maki da kalkuleta. Zauna a kemis ka ga yadda magani ke lalacewa a kanta don ba wanda ya lura kwanansa ya ƙare. Shiga Babbar Kasuwa wajen dilolin da ke ba da kaya bashi, ka ga littafin da suke rubutawa, da rigimar da ake yi ranar da shafi ya yage. Wani kamfanin waje ba zai zo ya koyi wannan ba, da ɗan gari akan ci gari.

Sannan ka sa wa manhajarka farashi tun ranar farko, ko kaɗan ne. Mutanenmu akwai yabo. Wanda ya ce maka "kai, abin ya yi kyau, Allah ya sa albarka" addu'a ya yi maka, ka amsa da amin, amma kada ka lissafa shi cikin kwastomomi sai ka ga alat.

Tambaya: Malam, na haɗa manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, makarantu biyu a nan Daura suna amfani da ita. In sa ta a Play Store ne? (Wata malama daga Daura)

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, kin riga kin wuce inda da yawa ke maƙalewa. Rajistar Google dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara, kuma sabon asusu na mutum ɗaya a Google sai wasu sun gwada manhajar na kwana 14 kafin a bari ki sake ta ga jama'a. A ganina ba ki buƙatar wannan yanzu. Shugaban makaranta ba a Play Store zai same ki ba, a bakin wani shugaban makarantar zai ji labarinki.

Ƙarfinki ya tafi kan abin da zai iya kunyata ki: manhajar ta yi aiki ko babu netwok, ta fitar da takarda tsaf a firintar shagon da ke kusa, kuma a riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban kullum. Ranar da kwamfuta ta mutu da makin yara 300 a ciki ana saura kwana biyu a ba da hutu, ba wanda zai saurari uzuri. Ki tuna kuma sunayen yara da lambobin iyayensu amana ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanki. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ki buɗe asusun banki da sunan, ki riƙa karɓar kuɗi zango-zango maimakon sayarwa sau ɗaya, domin gyara ba ya ƙarewa.

Tambaya: Ni da aminina za mu haɗa gwiwa, ni ke rubuta manhaja, shi ke nemo kasuwa. Sai mun je wajen lauya? (Daga Sabuwar Unguwa)

Amsa: In da hali ku je. In babu, ku rubuta da hannu gaban shaidu biyu, tun kuɗi bai shigo ba: kason kowa, wa ke da manhajar in an rabu, da sunan wa aka sayi adireshin shafin. Bashi ma Alƙur'ani cewa ya yi a rubuta, balle tarayyar da ba a san ranar ƙarewarta ba. Kuma kada lambobin sirrin shafin da na asusun banki su zauna a wayar mutum ɗaya, waya tana faɗuwa.