Ya bugu ya yi ɓarna: maye zai fitar da shi a kotu?

Tambaya: Barista, ƙanena ya sha giya ya ja mota, ya kaɗe wani mai tafiya a ƙasa ya karya masa ƙafa. Da aka tare shi kuma ya naushi wani har ya zubar masa da haƙora. Yana tsare, ya ce bai tuna komai ba. Wannan zai fitar da shi?

Amsa: Malama, ba zai fitar da shi ba. Wanda ya sha da hannunsa, da saninsa, ba ya fakewa da maye a gaban alƙali. Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci, wato House of Lords, ta jaddada haka a shari'ar Majewski a 1976, kan wani da ya haɗa giya da ƙwayoyi ya lakaɗa wa mutane duka a mashaya, har da 'yan sanda, sannan ya ce ba ya cikin hayyacinsa. Kotu ta ce shan da ya yi shi ne gangancin. Naushin da ƙanenki ya yi irin wannan ne.

Inda maye ke tasiri kaɗan ne. Idan laifi na buƙatar a tabbatar da niyya ta musamman, kamar kisan kai da gangan, buguwa mai tsanani na iya sauko da tuhumar zuwa kisan da ba na niyya ba, wanda shi ma ɗauri ne. Sai kuma wanda aka zuba wa abu a abin sha bai sani ba.

Batun motar ya fi nauyi, domin tuƙi cikin maye laifi ne ko ba a taɓa kowa ba. Ana auna giyar da ke cikin mililita 100 na jini: iyakar Ingila miligiram 80 ce, Sikotilan ta rage tata zuwa 50 a 2014, ta Suwidin 20 ce kacal. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, giya kuwa tana jinkirta kai ƙafa kan birki. Jiki yana rage kusan miligiram 15 ne a awa, kuma wanka ko kofi ba sa gaggauta shi, don haka ko an yi jinkirin gwaji masana kan yi lissafi su koma lokacin hatsarin. Ƙin hura na'urar gwajin giya ma laifi ne a ƙasashe da yawa.

Ku samar masa lauya kafin ya sa hannu a kowace takardar bayani, a nemi beli. Lauyan ya binciki gwajin da kyau: ƙarfe nawa aka yi shi, yaushe aka daidaita na'urar, ta hannun wa da wa samfurin jinin ya bi. A nan ne hujjar masu gabatar da ƙara ke yawan samun ɓaraka. In hujjar ta tsaya daram, shawarata ya amsa laifi da wuri a roƙi sassauci, tare da shaidar cewa ya fara karɓar magani don daina sha.

Waɗanda aka ji wa rauni suna da damar neman diyya a ƙara ta daban, ko an ɗaure shi. Ku sanar da kamfanin inshora nan take. Yana iya biyan wanda aka kaɗe, ya dawo ya nemi kuɗinsa wurin ƙanenki. Kuɗin asibiti kuwa ku biya ta hannun lauya, da rasit. Kada wani ɗan uwa ya je roƙon shaidu su janye, wannan sabuwar tuhuma ce.